Yadda ake shiga aikin binciken kifaye da dabbobi masu jan ciki a Arewa

Duk wanda ya buɗe littafin tantance kifayen Afirka ko na macizanta zai yi ta cin karo da sunan Boulenger a bayan sunayen kimiyya. George Albert Boulenger haifaffen Beljiyam ne, ya rayu daga 1858 zuwa 1937, ya shafe kusan shekara 40 yana aiki a gidan adana kayan tarihin halittu na Landan, kuma tsakanin 1909 da 1916 ya fitar da kundin kifayen ruwan daɗi na Afirka a mujalladi 4. Galibin kifayen da ya raɗa wa suna a cikin kwalba ya same su, wasu ne suka kamo suka aika masa. Abin da ya sa aikinsa bai mutu ba shi ne kwalaben suna nan har yau, kowace da takardarta, mai shakka yana iya zuwa ya buɗe ya sake ƙirgawa. A kan wannan sana'ar take tsaye: samfurin da wani zai iya dubawa, da bayanin inda aka kama shi da ranar da aka kama shi. Digiri ƙofa yake buɗewa, amma da samfuri da rubutu ake sanin masani.

Hanyar karatun ba ta da wani sirri. A Najeriya ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Digirin ilimin dabbobi shekara 4 ne, na kiwon kifi a tsangayar noma yawanci 5. Ana samun waɗannan fannoni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da jami'o'in Maiduguri da Jos. A Nijar, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce mafari. Kada ka raina darasin ƙididdiga da na rabe-raben halittu, su ne ɗalibai suka fi gudu, su ne kuma za ka fi buƙata. Watannin koyon aiki na SIWES kuwa ka yi ƙoƙari ka yi su inda ake taɓa kifi da hannu, kamar cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, da ke New Bussa a bakin tafkin Kainji, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968. Fannin macizai da ƙadangaru ba shi da sashe na kansa a jami'o'inmu, sai dai ka nemi malamin da zai yarda ya duba aikinka na ƙarshe a kansa, sauran ka koya daga littafi da kuma wanda ya riga ka.

Zaɓen wuri da neman izini

Ka zaɓi ruwa ko daji ɗaya da za ka iya zuwa kowane wata da kuɗin aljihunka. Madatsar Tiga, ko ta Challawa, ko Goronyo, ko dausayin Haɗeja da Nguru, ko ma wani tafki a bayan garinku. Aikin wata 12 cur a wuri ɗaya ya fi yawon sati-sati a wurare goma, domin kifi da maciji dukansu yanayi suke bi. Yawancin kifayenmu da cikowar ruwan damina suke hayayyafa. A Kainji ma ambaliya biyu ce a shekara: farin ruwa na daminar kusa, da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga tsaunukan Gini. Wanda ya je sau ɗaya da bazara ya ce ya san kifayen wurin, bai ga rabinsu ba.

Sannan ka kafa tambaya mai iyaka. "Kifayen Arewa" ba tambaya ba ce. "Wane irin kifi ake kamawa a inda kacala ta toshe ruwa, wane iri kuma a inda ba ta toshe ba" tambaya ce da za a iya amsawa.

Kafin ka jiƙa raga, ka je wurin mai gari da Sarkin Ruwa da takardar makarantarku, ka yi bayanin abin da ya kawo ka a fili. Akwai ruwan da aka hana su a cikinsa sai lokacinsa, kamar Matan Fada a Argungu, kuma wannan doka ta hau kanka kamar kowa. A gandun daji na tarayya izini a rubuce daga hukumar gandun dajin ƙasa yake fitowa, a Yankari kuwa daga gwamnatin jihar Bauchi. Kada, da mesa, da damo, da guza, da hawainiya duk suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba a fitar da su ƙasar waje, ko da ɗan yankin namansu ne, sai da takardar ma'aikatar muhalli ta tarayya.

Aikin bakin ruwa

Hanya mafi araha ita ce zaman mashaya da sassafe lokacin da masunta ke fitowa. Ka sayi abin da kake so da farashin kasuwa, ka tambayi inda aka kamo da abin da aka kamo da shi, kalli ne, birgi ne, taru ne, ko gura. Amma ka sani abin da masunci ya kawo ba shi ne hoton abin da ke cikin ruwa ba, shi mai tsada yake nema. Idan ƙididdiga kake so, sai ka kafa naka kalli jere, masu ido daban-daban daga inci 1 zuwa inci 7, kowane da tsawo iri ɗaya. A kafa da magariba, a ɗebe da asuba, a rubuta awannin da ragar ta yi a ruwa. Kowane ido yana da girman kifin da yake riƙewa, shi ya sa raga ɗaya take ruɗin mai bincike. Kuma kada ka haɗa kamun wannan ido da na wancan a bokiti guda. Da bazara, idan rana ta fito raga tana ruwa, kifin da ya mutu tun tsakar dare ya riga ya fara kumbura, nauyinsa da abin cikinsa sun lalace.

Kowane kifi a auna shi sau biyu a kan allon awo: daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, sannan daga baki zuwa gindin wutsiya inda ƙashin baya ya ƙare. Na biyun ne abin dogaro, domin bakin wutsiya yakan gutsure. A ɗauki nauyi da sikeli mai nuna giram. Daga nan ake fitar da ma'aunin ƙiba: nauyi a giram sau 100, a raba da tsawo a santimita da aka ninka da kansa sau uku. Ba a kwatanta wannan lamba tsakanin tarwaɗa da karfasa, siffarsu ba ɗaya ba ce. A cikin nau'i ɗaya ake kwatantawa, wata da wata ko ruwa da ruwa. Idan kana da na'urar auna iskar ruwa, ka auna da asuba, a lokacin take yin ƙasa sosai.

Ka rubuta sunan da masunta suka ba kifi, amma kada ka tsaya a nan. Kurungu nau'o'i ne masu yawa na dangin Synodontis. Karfasa aƙalla uku ce a ruwayenmu: Oreochromis niloticus mai ratsi-ratsi a tsaye a wutsiya, Sarotherodon galilaeus mai haske da ƙaramin baki, da Coptodon zillii mai jan ƙirji. Idan launi ya ruɗe ka, ɗaga murfin kunci ka ƙirga 'yan tsinkayen tacewa da ke jere a ƙasan gwafar numfashi ta farko: na zillii ba sa wuce 12, na niloticus sukan kai 20 ko fiye. Da irin wannan ƙirga ake raba tarwaɗa Clarias gariepinus da 'yar'uwarta Clarias anguillaris. Ramboshi kuwa yana da fiffiken kitse a baya wanda tarwaɗa ba ta da shi, sai dai kusa da gonakin kifi akan gamu da haɗin-gauraye na su biyun da ya tsere daga tafkin kiwo, kuma shi ba zai dace da kowane littafi ba.

Adana samfuri, inda aka fi yin asara

A nan ya kamata a dakata, domin mafi yawan aikin ɗalibai a nan yake mutuwa. Tsarin yana da jeri, kuma idan aka sauya jerin an yi ɓarna.

Da farko hoto, tun kifin yana da launinsa, kai yana kallon hagu, da rula da lambar samfurin a gefensa. Launi yakan tafi cikin 'yan mintoci bayan mutuwa. Idan kifin na da rai, a kashe shi ba tare da azaba ba: man kanumfari kashi 1, etanol kashi 9, a zuba kamar mililita 4 na wannan haɗi a kowace lita ta ruwa, a bar kifin minti 10 bayan murfin kuncinsa ya daina motsi. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska daga sama, don haka sukan daɗe fiye da sauran, sai an ƙara haƙuri an tabbatar.

Na biyu, a yanki ɗan nama ko fiffike kamar ƙwayar shinkafa daga gefen dama, a sa a 'yar kwalba mai etanol kashi 95 cikin ɗari, don gwajin DNA. Gefen dama ake yanka saboda hagu ne na awo da hoto. Etanol ɗin ya ninka naman sau 10, a kuma sauya shi bayan kwana ɗaya domin ruwan jikin naman yana sirka shi. A goge almakashi tsakanin kifi da kifi. Wannan mataki dole ya riga famalin, wato ruwan maganin da ke hana samfuri ruɓewa, domin famalin yana lalata DNA. Haka ma duwatsun kunne da ake gane shekarun kifi da su, a cire su tun yanzu a ajiye a bushe, famalin yana cinye su.

Na uku shi ne famalin. Wanda ake sayarwa yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40. Ka ɗauki kashi 1 nasa ka zuba ruwa kashi 9, shi ne ake kira famalin kashi 10. Idan ya jima yakan yi tsami ya narkar da ƙashi, don haka a kowace lita a zuba giram 4 na sodiyam fosfet mai tushe ɗaya da giram 6.5 na mai tushe biyu. A baje fukafukan kifin da allura a kan allo, a shafa musu famalin mai ƙarfi na 'yan mintoci su sandare a buɗe, in ba haka ba ƙirga ƙayoyinsu zai zama wahala. Duk kifin da ya wuce santimita 15 a yi masa allurar famalin a ciki da cikin tsoka, ko a tsaga cikinsa ta dama. Dalili shi ne famalin a hankali yake ratsawa daga waje, hanji kuwa daga ciki yake ruɓewa da sauri, sai ka ga kifi lafiya a ido amma cikinsa ya zama kunu. Kada kifi ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kwalba, kuma a kwantar da shi a miƙe, yadda ya sandare haka zai tabbata. Ƙanana su yi mako 1 a famalin, manya mako 2.

Daga nan a wanke da ruwa kwana ɗaya ko biyu ana sauyawa, sannan a haura da shi etanol mataki-mataki, kashi 30, kashi 50, a tsaya a 70. Idan aka jefa shi a mai ƙarfi kai tsaye zai yamutse. Don samun kashi 70 daga kashi 95, auna mililita 700 ka cika da ruwa zuwa 950.

Famalin guba ne, yana ƙona ido da huhu, kuma yana cikin abubuwan da ke haddasa sankara. A yi aikinsa a waje ko inda iska ke ratsawa, da safar hannu da tabarau. Kada a taɓa zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha, kada a zubar da shi a rafi.

Takardar samfuri a cikin kwalba take zama, ba a jikinta ba. A rubuta da fensir a kan takarda mai kauri da ba ta narkewa, domin tawadar biro tana wankewa a etanol, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. A rubuta lamba, sunan ruwa da gari da ƙaramar hukuma, lambobin GPS, rana da wata da shekara, abin da aka kama da shi, da sunan mai kamu. Lambar nan ɗaya ce a kwalba, da kwalbar nama, da hoto, da littafin fili. Kifin da takardarsa ta ɓace ya tashi daga samfuri, komai kyansa. A ajiye kwalabe a duhu, da murfin roba mai kamawa, na ƙarfe tsatsa yake yi. A zafin ƙasarmu a duba su duk wata 3. Idan ruwan ya ragu, etanol ne ya fi tashi ya bar ruwa, saboda haka a auna ƙarfin abin da ya rage kafin a cika.

Ɓangaren masu jan ciki

Ƙadangaru da kulɓa da ƙananan macizai ana kama su da tarkon bokiti. A binne bokitai masu lita 20, bakinsu daidai da ƙasa, tazarar mita 10 tsakaninsu, a ja shingen leda mai tsayin santimita 50 ta kan bakunansu, a binne gindinsa. Dabba tana bin shinge sai ta faɗa. A huda gindin bokiti don ruwan sama, a sa ganye da jiƙaƙƙen soso a ciki, a duba da safe da yamma. Rana da tururuwa su ne ke kashe abin da ya faɗa. Ranar tashi a cire bokitan a cike ramukan. Tsaka da hawainiya da dare ake nemansu da tocila, hawainiya takan yi fari idan tana barci a kan reshe. Kada kuwa ana ƙirga shi da dare daga jirgi, idonsa yana mayar da hasken fitila ja. Kadan da aka fi gani a yankinmu shi ne Crocodylus suchus, wanda binciken ƙwayoyin halitta na 2011 ya tabbatar daban yake da kadan Nilu, tsofaffin littattafai sun haɗa su.

Awo a nan daga hanci ne zuwa dubura, wutsiya daban, domin ƙadangare yakan yar da wutsiya ya sake wata. A maciji ana ƙirga layukan ɓawo a tsakiyar jiki, da faffaɗan ɓawon ciki, da na ƙarƙashin wutsiya, a lura ko ɗai-ɗai suke ko bibbiyu. Ba lallai ka kashe maciji don samun samfuri ba. Wanda mota ta take, da wanda manoma suka kashe, da saɓar da ya bari, duk suna da amfani. Ka bar wa amintaccen mutum a ƙauye bokitin famalin mai murfi, nesa da yara. Idan kisa ya zama dole, likitan dabbobi ne zai yi da allura. Sare kai ko sakawa a firiza azaba ce, ƙwaƙwalwar waɗannan dabbobi ba ta saurin mutuwa. A ɗauki ɗan hanta a etanol, a yi allurar famalin duk bayan santimita 4 ko 5 har wutsiya, a naɗe shi a faranti a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle kwana ɗaya, sannan a nutsar da shi a famalin.

Maganar dafi ba ta son gaggawa. Kububuwa, Echis ocellatus, ita ta fi kashe mutane a yankinmu, ga ta ƙarama, da wuya ta wuce rabin mita da yawa. Idan ta ji tsoro takan naɗe tana goga ɓawonta ya yi ƙara, kanta kuma ƙananan ɓawo ne ya rufe shi. Akwai maciji mai cin ƙwai, Dasypeltis, marar dafi, da ke kwaikwayonta a launi da ƙarar, don haka wanda ba ka tabbatar ba ka ɗauke shi mai dafi. A 2018 an ware wasu kububuwan yankin Chadi da maƙwabtanta a matsayin nau'i na daban, Echis romani, abin da ke nuna ko a kan macijin da ya fi cutar da mu aikin bai ƙare ba. Akwai kuma ɗan baƙin maciji mai shiga ƙasa, Atractaspis, wanda ba a riƙe shi ta bayan kai ko kaɗan, haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa ya soki yatsa. Gamsheƙa tana tofi a ido daga nesa, sai da tabarau, idan ta samu ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye, a tafi asibiti. Kan macijin da ya mutu ma yana sara.

Kada ka taɓa mai dafi sai ƙwararre ya koya maka ido da ido, da sandar ƙugiya da mamatsi da jaka da dogon takalmi, kuma kada ka fita kai kaɗai. Tun kafin fita ka san asibitin da ke da maganin dafi a hannu ranar. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe shi ne sananne, kuma magungunan EchiTAb da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. Maganin da aka yi don kububuwar Indiya ba ya aiki yadda ya kamata a kan tamu. Idan sara ya faru, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. Saran kububuwa yakan yi kamar da sauƙi a farko alhali jini ya daina daskarewa, shi ya sa a asibiti ake zuba jini mililita 2 a sabuwar kwalbar gilashi a jira minti 20 a gani. A ruwa kuma, tsargiya da dorina da kifewar jirgi sun fi kada yawan ɓarna: ka sa rigar ceto, ka riƙa gwajin fitsari da bayan gida bayan zangon aiki.

Daga littafin fili zuwa abin yi

A kwafe bayanan kowace fita a kwamfuta cikin makon, layi ɗaya samfuri ɗaya, a ajiye kwafi a wuri biyu. Manhajojin R da QGIS kyauta ne, na farko don lissafi, na biyu don taswira. A duba sunayen kimiyya a shafukan intanet na FishBase da Reptile Database kafin rubutu, domin suna sauyawa, zillii ɗin nan a dā Tilapia ake kiransa. Mujallar da ta ce ka biya a buga maka cikin mako guda ba tare da masana sun duba ba, ka guje ta, takardar da ta fito a can ba ta ƙara maka daraja a wurin waɗanda suka san aikin.

Guraben aiki ba su da yawa, albashin ma ba mai yawa ba ne, gara a faɗa tun yanzu. Akwai koyarwa a jami'a da kwalejojin kifi na New Bussa da Baga, da cibiyoyin bincike, da sashen kifi na ma'aikatun jihohi, da gandun daji irin su Kainji da Gashaka-Gumti, da aikin tantance illar manyan ayyuka ga muhalli wanda dokar 1992 ta wajabta, da ba gonakin kifi shawara. Bincike da koyarwa sai da digiri na biyu da na uku. Masu ba da tallafi irin su TETFund ga malaman makarantun gwamnati, da gidauniyar Rufford ga masu farawa, abin da suke dubawa shi ne ko ka taɓa kammala ƙaramin aiki ka fitar da shi.

Idan ka gamu da abin da bai dace da kowane littafi ba, kada ka yi saurin cewa sabon nau'i ne. Sau da yawa ƙarami ne da bai gama girma ba, ko mace ce da ta bambanta da namiji, ko haɗin-gauraye. Ka tara aƙalla 10 masu girma daban-daban idan yawansu ya ba da dama, ka sake ƙirga komai sau biyu, ka aika hotuna da awo ga masanin wannan dangin, a kwatanta da samfurin asali na nau'o'in da ke kusa da shi. Idan ya tabbata, samfuri ɗaya ake zaɓa ya zama madogarar sunan, kuma a ma'ajiyar jami'a ko gidan tarihi mai rajista ake ajiye shi, da lambarsa a cikin takardar da aka buga.